Ranar da Kawu Ya Hana Mita Karkarwa

Tun daga bakin get Injiniya ta fara taka kumfa. Da farko a idon sawu ta tsaya mata, fara sol, tana ƙamshin lemun tsami, amma kafin ta wuce rumfar ajiye babura ta kai mata gwiwa. Ma'aikatan masana'antar sabulun ruwan duk sun fito sun jeru a jikin katanga, wasu da kofin shayi a hannu, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Kumfar kuwa daga ƙofar ɗakin haɗi take fitowa, a hankali, ba gaggawa, kamar a gidan ubanta.

A tsakiyar farfajiyar Kawu ne tsaye a kan kifaffen durom, da hular kwano a kai, da usur a baki. Da ya hango ta sai ya cire usur ɗin ya ƙame.

"Ranki ya daɗe Injiniya, an shawo kan lamarin," in ji shi. "Ba a rasa rai ba."

Sai da ta gaishe shi tukuna, don ko duniya ce za ta tashi ba a wuce Kawu ba gaisuwa. Ya amsa, ya tambayi mai gidanta da yara. Sannan ta tambaya ko an rufe bawul ɗin sinadari, wato abin da ke buɗe bututunsa da rufewa. Ya ce ba a rufe komai ba, ya dai fitar da kowa, ya hana shiga, haka ƙa'ida ta ce. Dogo, mai kula da tankin haɗi, ya leƙo daga bayan mutane ya ce shi ya so ya koma ya kashe injin, amma Kawu ya ce duk wanda ya taka ƙofar nan zai gamu da shi.

Kawu wan mahaifiyarta ne. A gidansa ta yi sakandare, shi ne kuma ya fara kiranta Injiniya tun ba ta san ma'anar kalmar ba, ranar da ta kwance masa rediyo ta kasa mayarwa. Rayuwarsa duka a aikin kashe gobara ya yi ta. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai gidan ya zama masa wurin aiki. Ya ƙwace dutsen guga ya kulle a ɗakinsa, sai an nemi izini. Ya cire labulen kicin. Yakan busa usur ana tsakiyar cin abinci, ya fito da iyalinsa titi ya ƙirga su, har da baƙi. Ranar da matarsa ta kwaso kayanta ta zo wurin Mama, mahaifiyar Injiniya, ta ce ko ita ko usur ɗin, a ranar Mama ta kira Injiniya ta ce ta ji ana neman jami'in kiyaye haɗari a wurin aikinsu. Injiniya ta fara kewaye-kewaye, Mama ta ce ai ba shawararta take nema ba. Haka Kawu ya samu aiki, gida ya samu lafiya.

Yanzu ta nemi izinin shiga, cikin ladabi, a gaban kowa. Kawu ya yi nazari, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ya sa aka kawo igiya ya ɗaura mata a ƙugu da hannunsa, ya ja ƙullin ya gwada. Ya ce in ta ja sau ɗaya lafiya ke nan, in ta ja sau biyu za su fito da ita. Ya ba majiya ƙarfi uku ƙarshen igiyar. Haka babbar injiniyar masana'anta ta shige cikin kumfa, ana sakar mata igiya kamar tunkiya.

Cikin ɗakin ba a ganin komai sai fari. Da hannu ta riƙa laluben hanya, ta bi bututu har ta kai ga bawul, ta murɗa shi har ya ƙi motsi, sannan ta lalubo jan maɓalli ta kashe injin da ke juya tankin. Ƙugin ya tsaya. Sai ƙaramar ƙarar kumfa tana fashewa, kamar ana soya abu a maƙwabta. Ta share fuska da hannun riga, ta nufi wurin mita.

Mitar na kan bututun da ke kawo sinadarin kumfa, ruwan nan mai kauri kamar zuma wanda shi ne ran sabulun. Ita ce abin alfaharin Injiniya a wurin nan, don sai da ta yi ta naci kafin aka yarda aka sayo ta. A waje akwatin ƙarfe ce kawai mai sheƙi, ba ta wuce ƙaramar jakar tafiya ba. A ciki akwai siraran bututu biyu da aka lanƙwasa kamar hannun bokiti, da ɗan maganaɗisu da ke kaɗa su ba tsayawa, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Da wannan karkarwar take auna nauyin duk abin da ya bi ta cikinta. In abin da Dogo ya nema ya cika, ita ke gaya wa bawul ya rufe. Kowace safiya Injiniya kan ɗora tafin hannu a kanta ta ji wannan ɗan siririn motsin, kamar na kyanwa mai barci, kafin ta wuce ofis.

Yau kuwa ta tarar an naɗe ta da tsohuwar katifa, an ɗaure da waya, an tokare ta da katako ta ƙasa, an kafe ta da bango da ƙarafa biyu masu sabuwar walda. Gilashinta mai nuna lamba ya mutu. A kan katifar an ja babban gicciye da jan alli. Ta cusa hannu ƙarƙashin katifar. Shiru, ƙarfe ne kawai mai sanyi.

Ta ja da baya don ta ga abin da kyau, sai igiyar ta harɗe mata ƙafa. Ta fizge ta, ba ta fita ba, ta sake fizga. Kafin ta tuna abin da hakan ke nufi, sai ta ji ana tafiya da ita da baya. A zaune ta fito farfajiya, kumfa har kunne, ma'aikata suna tafi. Kawu ya duba ta sama da ƙasa, ya sanar cewa aikin ceto ya yi nasara.

Ba ta sha wahalar neman mai waldar ba. Tartsatsi ake ce masa, shi ne mai walda kuma shi ne mai gyaran wuta, ya kuma ɓoye a bayan janareto tun da ya ga ta shiga. Kafin ta buɗe baki ya fara da cewa shi dai umarni aka ba shi.

Tun zuwan Kawu, in ji Tartsatsi, yake zagaya masana'antar yana ɗora bayan hannunsa a kan komai, duk abin da ya ji yana motsi ya ja masa jan alli. Jiya da yamma ya kai kan mitar. Yau da sassafe, kafin a fara aiki, ya kira shi ya ce ya ƙara ɗaure notinanta. Ya ɗaure, tana nan tana yi. Ya ce a kafe ta da bango. Aka kafe, tana nan tana yi. Aka karɓo katifar mai gadi aka naɗe ta. Kawu ya ɗora bakin sukundireba a jikinta ya kai kunne kan ƙotar, ya ce har yanzu tana kuka. Sai ya tambaya daga ina take shan wuta. Tartsatsi ya rantse cewa ya ce a jira Injiniya, amma Kawu ya ce ba a damun babba da ƙaramin abu, ga shi tana da yaran da za ta kai makaranta. Aka zare fis. Kawu ya ɗora hannu, ya yi murmushi, ya ce yauwa, ta samu lafiya.

Sauran labarin ba sai an gaya mata ba. Dogo ya zo ya danna maɓalli kamar kullum, ya tafi shan shayi kamar kullum, don mita ce ke rufe bawul, ba shi ba. Bawul ya buɗe ya zauna yana jiran a ce masa ya isa. Ba wanda ya ce masa.

Tana matse ruwa daga ɗankwalinta wayarta ta yi ƙara. Manaja ne, daga cikin mota, yana hanyar dawowa daga wani taro. Wani ya tura masa hoton. Bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya ce sinadarin da ya kwarara shi ne na sauran watan, mai masana'anta kuma zai kira shi kafin yamma, don haka in ya iso yana son sunan mutum ɗaya, ɗaya tak, ba bayani ba.

Bai gama ajiyewa ba Mama ta kira. Ita ma ta ga hoton, har da wanda ake jan 'yarta da igiya. Ta ce ta gane tsayuwar yayanta a kan durom ɗin nan, ba sai an gaya mata wanda ya yi aikin ba.

"Auta, ki yi duk abin da za ki yi," in ji Mama. "Matarsa ta mayar da labulen kicin. Jiya ma har guga ta yi."

Injiniya ta ce za ta duba. Mama ta ce ba dubawa ta ce ta yi ba.

Ta gayyaci Kawu ofishinta ta rufe ƙofa. Ya zauna a bakin kujera, ya cire hular kwano ya ɗora a gwiwa. In su biyu ne kawai, ranki ya daɗe kan tafi hutu. Ta fara a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ta ce mitar ba ta lalace ba, haka aka ƙera ta, karkarwar ita ce aikinta. Ya saurare ta har ƙarshe, da irin haƙurin da ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki.

"Auta," ya ce, "na ga gini yana karkarwa, ya rufta. Na ga tukunyar gas tana karkarwa, ta tashi da rufin gida. Na ga mutum yana karkarwa, muka kai shi asibiti. Ban taɓa ganin abin da ke karkarwa don lafiya ba. Waɗanda suka sayar muku da ita sun ga ke yarinya ce."

Ta tashi ta zana masa bututun biyu a kan allo, da kibiyoyi, da layi mai hawa da sauka. Ya karkata kai ya duba, ya ce wannan ai wando ne aka shanya. Ta goge ta sake zanawa, ya ce yanzu ya fi kama da wando. Ta ajiye alƙalamin. Ta taga ta hango ma'aikata suna kora kumfa zuwa kwata da tsintsiya da mesa. Ta tsaya tana kallon mesar. Sai ta ce Kawu ya taimaka ya biyo ta waje.

Ta sa aka rufe famfo, ta karɓi mesar. Ta lanƙwasa tsakiyarta ta yi mata siffar lilo, ta haɗa gefe biyun a hannuwan Kawu, lanƙwasar tana reto a gabansa har kusan gwiwa. Dogo ya riƙe bakin mesar ya saita kwata. Tartsatsi ya tsaya a famfo. Ta ce Kawu ya riƙa kaɗa ta gaba da baya, kamar yana rarrashin jariri. Ya dubi ma'aikatan da suka fara taruwa, ya gyara tsayuwa, ya fara kaɗawa da fuskar mai aikin hukuma. Mesar ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, gefenta biyu tare, kafaɗa da kafaɗa.

Ta ɗaga wa Tartsatsi hannu ya buɗe famfo.

Mesar ta cika ta yi nauyi, sai ta fara wata irin rangwaɗa. In ta tafi gaba, gefe ɗaya ya riga ɗaya. In ta dawo, ta murɗe ta ɗaya wajen. Kawu ya tsaya cak, ya harari Dogo, ya ce ya daina jan mesa. Dogo ya ce ko numfashi bai yi ba. Kawu ya sa aka canza Dogo da wani, aka sake, mesar ta sake rangwaɗa. Daga nan ya karɓe ragamar gwajin gaba ɗaya. A rufe. A buɗe. A rufe. A buɗe rabi. A buɗe duka. Duk sanda aka ƙara ruwa murɗewar ta ƙaru, duk sanda aka rufe ta ɓace. Gumi ya fara bin gefen hularsa.

Injiniya ta matso ta nuna masa da yatsa. Ta ce ruwan da ke shigowa ta wannan gefen bai san rawar ba, mesa ce ke tilasta masa, shi ya sa yake turjewa, gefensa ya riƙa zama a baya. Wanda ke fita ta wancan gefen kuwa ya riga ya kama rawar, ba ya son ya bari, shi ya sa yake tura gefensa gaba.

"Wato kurtu da tsohon ma'aikaci a fareti," in ji Kawu, bai ɗauke ido daga mesar ba.

Ta ce haka ne. Ta ce a cikin mitar akwai 'yan kunnuwa biyu, ɗaya a kowane gefe, aikinsu kawai su ji wane gefe ne ya riga isowa, da kuma tazarar da ya bayar. In tazarar ta yi yawa, abu mai yawa ne ke wucewa. Murɗewar can ba ta kai kaurin gashi ba, ido ba ya ganinta, amma kunnuwan na ji. Sannan ta ce ya daina kaɗawa, a bar famfon a buɗe.

Ya daina. Mesar ta rataya shiru, miƙe sumul, ruwa na ta wucewa ta cikinta zuwa kwata, ba abin da ya nuna. Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin haɗi, ya dubi farfajiya, ya dubi babura da kumfa ta binne har madubi.

"Ashe ba lafiya ta samu ba," ya ce a hankali. "Makantar da ita na yi."

Ba wanda ya yi dariya. Ya miƙa mata mesar, ya kai hannu wuya ya ciro igiyar usur ɗinsa, ya tsaya yana juya shi a tafin hannu. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa zama sanadin ɓarna a wurin aiki ba, kullum shi ake kira in an yi. Ya ce in Manaja ya zo ita ta yi shiru, sunansa za a bayar, kada ta sa kanta a ciki saboda shi. Injiniya ta tuna shi tsugune a tsakar gida yana tattara ƙusoshin rediyonsa, yana gaya wa matarsa kada a daki yarinyar nan. Kafin ta buɗe baki, sai ga ƙarar mota a bakin get.

Manaja mutum ne mai son takalmi. Na ranar baƙaƙe ne, masu tsini, masu sheƙi, ƙasansu sumul. Ya fito daga mota da fushinsa a shirye, ya rufe ƙofa da ƙarfi, ya ɗora ƙafa a kan simintin da ya sha sabulu tun safe. Bai faɗi nan take ba. Tafiya ya fara, a tsaye, ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, hannuwansa a buɗe. Ya wuce ta gaban ma'aikatan da suka jeru, su kuwa da yake ba su san abin da ya dace ba, sai suka riƙa gaishe shi ɗaya bayan ɗaya yana wucewa. Sai da ya zo daidai gaban Kawu ƙafafun suka rabu da shawara, ya kwanta rigingine.

Kawu ya mayar da usur wuya. Kafin kowa ya motsa ya durƙusa ya kama kan Manaja da hannu biyu, ya ce kada ya kuskura ya motsa, ba a tayar da wanda ya faɗi ta baya sai an tabbatar da wuyansa. Manaja ya ce lafiyarsa ƙalau, a sake shi. Kawu ya ce duk haka suke cewa. Ya sa shi ya motsa yatsun ƙafa, ya sa shi ya faɗi ranar da ake ciki. Da Manaja ya ga ba tashi, sai ya nemi sunan da ya ce a tanadar masa, daga nan inda yake.

Haka aka yi binciken, Manaja a kwance yana kallon sama, kansa a hannun wanda ake tuhuma. Kawu ya ba da rahoto tiryan-tiryan, tun daga noti har zuwa fis, bai rage ba, bai ɗora wa Tartsatsi komai ba. Ya ce shi ne, kuma duk hukuncin da aka yanke ya karɓa. Manaja ya ja numfashi ya tambaye shi wa ya ba shi ikon kashe na'ura ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kawu ya ce ranka ya daɗe, kai ne. Ya ce ranar da aka gabatar da shi ga ma'aikata, bayan wani famfo ya girgiza ya tsinke daga gindinsa, Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce: duk abin da ka ga yana karkarwa a wurin nan, ka tsayar da shi, kada ka jira kowa, ko da ni ne. Bai faɗi haka don ya kare kansa ba, tambaya aka yi masa ya amsa. Daga cikin ma'aikata aka fara cewa ƙwarai an yi haka, wani ya ce har tafi aka yi, Dogo ya ce yana jin yana da hoton a wayarsa.

Manaja ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har Kawu ya tambaye shi ko yana jin jiri. Da ya buɗe, sai ya nemi Injiniya, ya tambaya ko mitar ta mutu ke nan. Ta ce sai an kwance ta za a sani.

Tartsatsi ya yanke ƙarafan da ya kafa da safe, yana yi yana ba mitar haƙuri ƙasa-ƙasa. Aka mayar wa mai gadi katifarsa, ya ce wannan ba katifarsa ba ce kuma, soso ne. Injiniya ta duba mahaɗan bututun, ta mayar da fis da hannunta. Gilashin ya kawo haske. Ta bar bututun cike, bawul a rufe, ta saita mitar a kan sifili, ta san cewa wannan shi ne babu, don daga nan za ta fara ƙirga. Sannan ta ɗora tafin hannu. Motsin na nan, siriri, kamar ba a taɓa yi mata komai ba. Sai a lokacin ta san cewa tun safe rabin numfashi take yi. Kawu, da ke tsaye a baya, ya nemi izini ya taɓa. Ya ɗora bayan hannu, ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai gaishe da wanda ya girme shi.

Manaja ya yanke hukunci a ofishinsa, sanye da rigar aikin Tartsatsi ta ajiya, wadda ba ta rufe masa ciki ba. Ya ce ya yi tunani mai zurfi, ya gano laifin na mitar ne, domin ba ta da wata alama da ke nuna da gangan take yi. Ya ba da umarni a rubuta allo a rataya mata. Mai masana'anta kuma za a gaya masa an samu tangarɗar na'ura, an kuma yi amfani da damar an wanke farfajiya. Game da jami'in kiyaye haɗari, zai ci gaba da aikinsa, sai dai daga yau ba zai kashe komai ba sai Injiniya ta je da ƙafarta ta gani.

Ta yi godiya. Ba ta gane abin da ta yi godiya a kansa ba sai bayan ta koma ofis ta zauna, ta cire takalmi don su bushe, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Firjin kantin ma'aikata ne na farko. Kawu ya kai ta, ya ɗora bayan hannu, ya tambaya wannan da gangan ne ko lalacewa ce. Ta ce da gangan ne. Sai fankar ɗakin ajiya, ta ce wannan lalacewa ce, ya yi farin ciki ƙwarai. Sai injin liƙa kwalabe, sai tankin iska, sai kwan fitilar bayan gida, sai wata taga. Duk inda suka je, ya tambaya me wannan ke aunawa, in ta ce ba komai, ya dubi abin da raini. A hanya ya tsayar da direban babbar mota da ya zo ɗaukar kaya, ya yi masa bayanin kurtu da tsohon ma'aikaci, har da kwatance da hannu. Kafin a tashi aiki Injiniya ta zagaya masana'antar fiye da yadda ta zagaya ta tun da aka ɗauke ta. Ta kira Mama a tsaye ta ce an daidaita. Mama ta sa mata albarka mai tsawo.

Da aka tashi ta ce ya zo ta rage masa hanya. Ya shiga gaba, ya ɗaura bel, ya jira ta ɗaura nata. Suka fita get, mai gadi na shanya katifarsa a kan katanga. Cunkoso ya riƙe su a kasuwa, sannan hanya ta buɗe, ta taka mota, don yara na jiranta a gidan maƙwabciya, ga girki ba ta ɗora ba.

Motar na da wata ɗabi'a da Injiniya ta daɗe tana cewa za ta kai wa makanike. In ta ɗauki gudu sitiyari kan fara rawa, daga nan madubi ya kama, sai murfin akwatin gaba. Ta saba har ta daina ji. Yanzu ta gefen ido ta ga hannun Kawu ya tashi a hankali, ya juya, ya sauka a kan gaban motar. Suka wuce gidan mai, suka wuce gada. Nan ba wurin samun motar haya ba ne, ta kuma san Kawu: in ya ce a tsaya a fita, to a tsaya a fita ne, ko a tsakiyar daji.

"Auta," ya ce, "wannan fa?"

Ta dubi hanya. Ta dubi rana da ke shirin faɗuwa.

"Man fetur take aunawa, Kawu."

Ya bar hannun a wurin, ya karkata kai yana saurare. Can ya gyaɗa kai.

"Na ji kuwa," ya ce. "Da kika ƙara wuta, sai ta ƙara."

Ya janye hannunsa ya gyara zama, ya jingina kai da kujera. Ita kuwa ta ɗaga ƙafa kaɗan daga totur, ta koma layin masu tafiya a hankali.